Tarihin Kirsimetin Yaranmu a Ƙetaren Kogi

Sa'ad da kwamitin shirya wannan biki na cika shekara 50 suka raba aikin rubutu, an ba wani tarihin ginin majami'a, an ba wani jerin fastoci da dattawan da suka yi hidima a nan, Zumuntar Mata kuma suka rubuta nasu da kansu. Ni na roƙa a bar mini yara. Na duba littattafan taron dattawa tun daga na fari, na tarar an rubuta kuɗin siminti da na kwanon rufi har kobo, amma ba inda aka rubuta abin da yaranmu suka ci ko suka sa ranar Kirsimeti, balle gidan da aka aike su. Ga shi kuwa yawancin masu zama a kujerun dattawa yau ta ƙofar Makarantar Lahadi suka shigo. Abin da na rubuta a nan, wani na gani da idona, wani kuma iyayenmu mata ne suka tuna mini da na bi su gida gida.

YADDA MUKA TARU A NAN

Tun da aka dawo da hedkwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a zamanin Gwamna Lugga, ofisoshi da unguwar Turawa a arewacin kogi suka zauna. Wannan gefe namu gonakin Gbagyi ne, sai tashar jirgin ƙasa da gidajen ma'aikatanta. Masaƙu ne suka cika shi da mutane. A 1957 aka buɗe KTL a Kakuri, cikin shekara 10 da suka biyo baya Nortex da UNTL da Arewa Textiles suka samu. A 1975, shekarar da iyayenmu suka fara taruwa a nan domin sujada, aka buɗe kamfanin haɗa motocin Peugeot, matatar mai kuma ta zo a 1980. Samari suka yi ta zuwa daga ƙasar Bajju da Atyap da Jaba da Kagoro da Adara, waɗansu daga Filato da Tangale da Binuwai. In saurayi ya kama aiki ya sami ɗaki, sai ya koma gida ya ɗauko mata. Shi ya sa ikilisiyar farko ba ta da tsofaffi da yawa. Sababbin magidanta ne, da mata masu goyo, da yara birjik. Kowa da harshensa, Hausa ce ta haɗa mu, a majami'a da tsakar gida duka.

Ni a lokacin ina ɗan shekara 15, ina zaune wurin kawuna, ma'aikacin masaƙa, a wani gidan haya mai ɗaki 12 da famfo ɗaya. Mai gidan Bazazzagi ne, Alhaji, yana zaune da iyalinsa a sashen gaba. Cikin 'yan haya akwai Tibi, akwai Banufe, akwai wani Bayarabe Musulmi mai gyaran keke. Ba agogo muke dubawa ba, jiniyar masaƙa ce take faɗa wa kowa lokaci. In mahaifin wani yaro ya yi aikin dare, dukan yaran gidan sun san ba a buga ƙwallo a tsakar gida da safe.

KIRSIMETIN FARKO

1975 shekarar kuɗi ce. A farkonta gwamnatin Janar Gowon ta biya ƙarin albashin Udoji har da ariyas, ma'aikatan kamfanoni ma suka tashi tsaye sai da aka ƙara musu. Kaya sun yi tsada nan da nan, amma dai kuɗin sun shiga hannu. Kawu ya sayi rediyo, ya sayo wa matarsa jeren langa mai fure, manya da ƙanana, kowace da murfinta. Ku riƙe zancen langar nan, za mu komo gare ta.

A shekarar nan Babbar Sallah ta faɗo a tsakiyar Disamba. Saboda haka nama ya riga ya shigo mana daga ɗakin Alhaji da na mai gyaran keke tun kafin mu fara namu shiri. Iya, matar kawu, tana lissafin kowane kwano da ya shigo, gama ta san da shi za ta auna nata rabo ranar Alhamis 25 ga wata.

Shirin maza shi ne watanda. Tun wajen Oktoba mutum goma ko fiye suke tara kuɗi a hannun amintacce ɗaya, a je Zango a Tudun Wada a sayo saniya. Ranar 24 ga wata a kira mahauci Musulmi ya yanka. Ba wanda ya kafa wannan doka a rubuce, kowa dai ya san in ba a yi haka ba maƙwabci ba zai ci ba. Ko kaza ce, sai a ba yaro ya kai wa Malam ya yanka. Manya suna kasa nama kashi kashi a kan ganyen ayaba, mu kuwa mafitsara muke jira, mu hura ta mu yi ƙwallo.

Shirin mata ya fi wuya, ya kuma fi tsawo. Akwai adashi da ake kwasa a Nuwamba. Akwai atamfa, wadda ma'aikatan masaƙa sukan samu da sauƙin kuɗi, a yanka wa yaran ɗaki duka daga turmi ɗaya, har ana gane 'ya'yan wane daga nesa. Uwa takan ce wa tela ya sake ɗinkin domin ya kai baɗi. Takalmi kuwa ba a zuwa da yaro kanti. Da tsinken tsintsiya ake auna ƙafarsa, a karya daidai, a ƙara ɗan kaɗan, a tafi da tsinken Bata ko babbar kasuwa a ƙetare. In ya yi yawa a cusa takarda. Sa'an nan a ɓoye kome a ƙasan akwati da kafur, ko da yake ba yaron da bai san inda aka ɓoye ba. A kan teloli ba zan faɗi da yawa ba, domin akwai su a cikinmu, waɗansu ma dattawa ne yanzu. Amma na taɓa kwana a kan bencin shagon tela daren 24 ga wata ina gadin wandona, na kuma sa shi da safe babu maɓalli.

Da asuba mata sun riga sun hura wuta. Shinkafa a lokacin abincin biki ce, sauran kwanaki tuwo ne da pate da doya. Ana gama miya, tun yara ba su sa sababbin kaya ba don kada mai ya ɓata su, sai a fara aike. Langa ta fari ta Alhaji ce. Yaro ya ɗauka da hannu biyu, ya yi sallama, ya durƙusa ya ce, "Baba, wai in ji Iya, ga abincin Kirsimeti." Shi kuwa ya ce, "Madalla. Allah ya maimaita mana, Allah ya yi muku albarka." Daga nan a bi ɗakuna ɗaya ɗaya, a fita maƙwabta, a kai wa gwauraye da masu aikin safe da ba su sami hutu ba. Ba a mai da langa wofi. Wani ya sa gyaɗa, wani ƙwai biyu, wani sabulu, wani ya ba ɗan aike sisi ko sule. Yaro ɗan shekara 6 ya san sunan kowane magidanci a layinsu, ya san wanda ake ce wa "ina kwana" da wanda ake yi wa sallama, ya san ɗakin da ba a shiga da takalmi. Da na je Makarantar Littafi Mai Tsarki a Kagoro aka koya mana zancen ƙaunar maƙwabci da Helenanci, na ga ashe Iya ta riga ta koya mana rabinsa da langa a hannu.

Bayan aike sai wanka. Wanda ya yi ƙuruciya a hunturun Kaduna ya san wankan nan: ruwan zafi a bokiti, dutsen goge kaushi, kuka, sa'an nan basilin ko man kaɗanya har fuska tana ƙyalli. Kafin a kai majami'a ƙura ta manne a kai. 'Yan mata da sabon kitso ya ja musu goshi ba su iya sunkuyawa da kyau a lokacin addu'a.

WASAN BAITALAMI

Majami'ar farko rumfa ce, bencinta na ƙasa. Malaman Makarantar Lahadi sukan fara koyar da wasan haihuwar Yesu tun farkon Disamba, tare da haddace ayoyi daga Luka sura 2 da Matiyu sura 2. Zanen gado shi ne rigar mala'ika, kwalin sukari da takardar sigari mai ƙyalli su ne kambin Hirudus. Abin da ya ba malamai wahala kowace shekara shi ne, yara maza duka soja suke so su zama, ba mai son zama Yusufu, gama Yusufu ba ya magana, ga shi kuma za a yi ta tsokanarsa da Maryamu har Ista. Wata shekara aka kawo tunkiya ta gaske domin makiyaya, ta cinye ciyawar komin tun mala'ika bai gama jawabi ba.

Ba mu yi amfani da 'yar tsana ba. Jaririn da aka haifa na ƙarshe a ikilisiya shi ake kwantarwa a komi, mace ko namiji, uwar tana zaune kusa a bayan labule. Akwai mata uku a Zumunta yau da suka taɓa kwanciya a komin nan, sun san kansu.

Dole in faɗi ɗaya gefen kuma. Bayan Kirsimeti, daga Janairu har zafin Maris da Afrilu, lokacin baƙon dauro ne. A ɗaki ɗaya mai yara biyar, in ya kama ɗaya ya kama duka. Jaririn da ya kwanta a komi a wata shekara, kafin Kirsimeti ta zagayo mun kai shi makabarta. Uwarsa ba ta ƙara kallon wasan ba har ta koma ga Ubangiji. Abin ya ragu ne da allurar rigakafi ta yawaita, musamman zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya, daga 1985 zuwa 1992, sa'ad da ake koya wa mata haɗa ruwan gishiri da sukari domin gudawa. Zumuntar Mata ta yi aiki a nan ƙwarai. Su ne suka riƙa tambayar juna katin awo a bakin ƙofar majami'a, wadda ba ta kai ɗanta ba ta sha faɗa.

MASU ZUWA GIDA DA MASU ZAMA

A shekarun farko rabin ikilisiya takan watse kafin ranar 25. "Gida" a bakin iyayenmu ba Kaduna ba ce. Waɗansu su hau jirgin ƙasa zuwa Zonkwa da Kafanchan, waɗansu su bi mota ta hanyar Kachia, da buhun shinkafa da burodi da gishiri da sabulu domin tsofaffi. 'Yan Kagoro sukan tsaya har bikin Afan ranar 1 ga Janairu. A komo da acca da citta da doya da kaza a kwando. A can ne yaran birni suke jin harshen iyayensu daga bakin kaka, a yi musu dariya, su koyi gaisuwa da sunan abinci, kafin Ista su manta rabi. Dattawa sun sha muhawara a kan wannan tafiya, domin baikon Kirsimeti can yake tafiya. Ni ban taɓa ganin laifinta ba. Majami'u da yawa a ƙauyukanmu da wannan baiko aka rufa su.

Daga 1982, da gwamnatin Shagari ta kawo tsuke bakin aljihu, abubuwa suka fara canzawa. Masaƙu suka rasa auduga da kayan gyara, aka rage kwanakin aiki, bonas na ƙarshen shekara da ake dogara gare shi ya zama abin ja-in-ja. A 1984 mata suka sha layin madara da sukari da sabulu. A 1986 SAP ta zo. A shekarun nan ne ni da uwargida muka yi namu goyon, da albashin fasto. Atamfa ta koma gwanjo daga Kasuwar Barci, a wanke a goge a ninke kamar sabo. Watandar saniya ta koma ta akuya. Wata shekara kaza ɗaya muka raba gida uku. Duk da haka aike bai tsaya ba. Naman kan shinkafa ya ragu daga yanka huɗu zuwa ɗaya, langa dai tana fita tana komowa. Ko bayan tashin hankalin 1987 da na 1992, da suka taɓa Kaduna, an yi 'yan watanni ana kallon juna, Kirsimeti ta zo aka aika, aka kuma karɓa.

SHEKARA TA 2000

Ba zan ba da labarin abin da ya faru daga 21 ga Fabrairu 2000 ba, da wanda ya biyo baya a watan Mayu. Akwai gwauraye da marayu a cikinmu da suka fi ni sani, akwai su kuma a masallatan ƙetare. Abin da ya shafi wannan tarihi shi ne ƙaura. 'Yan'uwa da suke Rigasa da Tudun Wada da Kawo suka kwaso kaya suka ƙetaro, Sabon Tasha da Narayi da Romi da Gonin Gora suka cika suka batse. Maƙwabtanmu Musulmi da yawa su ma suka sayar da gidaje ko suka yi musaya, suka haye arewa. Iyalin Alhaji suna cikinsu. Ikilisiya ta ƙaru ƙwarai a shekarar nan, har muka fara sujada biyu, amma ba irin ƙaruwar da fasto zai yi fahariya da ita ba ce.

Kirsimetin 2000 ta faɗo ranar Litinin, cikin kwanakin ƙarshe na azumi, Ƙaramar Sallah ta biyo bayanta cikin makon nan. Da a dā ne, da yara sun gaji da aike, a kai shinkafa da yamma domin buɗa baki, jibi a karɓo tuwon Sallah. Uwargida ta dafa kamar yadda ta saba, ta jera langa, sai muka tsaya muna duban juna. Autarmu ta tambaya ko za ta kai wa Hajiya. Muka ce Hajiya ta yi tafiya.

A watan Agusta 2002 shugabannin addini 22, rabi Musulmi rabi Kirista, suka sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna, aikin da Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye suka yi wahala a kansa. Wata uku bayan haka rikicin gasar sarauniyar kyau ya tashi, saura wata ɗaya Kirsimeti. A shekarar nan kuma KTL ta rufe. Sauran masaƙu suka bi ɗaya ɗaya, UNTL ta tsaya a 2007. Jiniya ta yi shiru a Kakuri. Magidanta da suka yi shekara 20 ko 30 a gaban inji suka koma acaba da gadi da noma, waɗansu suka mutu suna jiran haƙƙinsu. A lokacin ne dattawa suka yanke shawara a riƙa dafa tukunya ɗaya a harabar majami'a ranar 26 ga Disamba domin yara duka, don kada wani yaro ya san gidansu ba a ɗora tukunya ba. Matan da suka fara wannan aiki sun roƙa kada a rubuta sunayensu, na kuwa bi maganarsu.

Bayan bam ɗin Madalla ranar Kirsimetin 2011, da waɗanda suka tashi a Kaduna da Zariya a 2012, muka sa shinge a ƙofa. 'Yan Brigade da dā aikinsu fareti ne da busa ƙaho suka koma binciken jaka. Aka hana wasan nakawut, gama ƙararsa tana sa mutane gudu. Yawon waƙa gida gida da matasa suke yi da dare da fitila ya dawo ƙarfe 4 na yamma a cikin majami'a. Da satar mutane ta yi yawa a hanyar Kachia da kewayen Chikun, musamman bayan an kwashe ɗaliban makarantar Bethel Baptist a Yuli 2021, iyaye da yawa suka daina kai yara gida. Akwai yara a Makarantar Lahadi yanzu da ba su taɓa kwana a ƙauyen kakansu ba.

YARAN YAU

Kada tsofaffi su ce kome ya lalace. Yaran yau sun fi mu lafiya, ba mu binne su kamar dā. Sun fi mu karatu, wasan Baitalami ma yanzu da makirfo ake yi, iyaye suna ɗauka a waya su aika wa 'yan'uwa a Legas da Ingila. Har yanzu ba mai son zama Yusufu. Tsada ce dai ta dawo da ƙarfi. Bayan cire tallafin mai a Mayu 2023, buhun shinkafa ya doshi naira 100,000 a ƙarshen 2024, alhali mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 ne. Iyaye mata sun koma awon mudu, ƙungiyoyin adashin shinkafa da man gyaɗa kuma sun yawaita a cikin Zumunta.

Abin da yake damuna shi ne, na tambayi ajin 'yan shekara 8 zuwa 10 ko wa yake da aboki Musulmi da ya taɓa shiga gidansu. Hannuwan da suka tashi ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Waɗansu har suna kiran ƙetare Makka, nan kuwa Urushalima. Ni ba na son wannan wasa. Ba a rabu ɗungum ba, akwai Musulmi a Makera da Kakuri da Barnawa da Nasarawa, akwai masu bi a Malali da Unguwar Rimi da Kabala, muna kuma haɗuwa a kasuwa da ofis kowace rana. A Sabon Tasha ma, Musulmi sun yi shekaru suna zuwa majami'ar Fasto Yohanna Buru ranar Kirsimeti su taya murna. Amma wannan haɗuwar manya ce. Mu a tsakar gida muka san juna, tun ba mu san bambancin ba.

Iya ta rasu ta bar mini langa ɗaya daga jeren 1975, furen ya goge, murfin ya lotsa. Za ku gan ta a kan teburin tsofaffin hotuna a bakin ƙofa cikin makon bikin nan, ina roƙo a bar yara su taɓa ta. Kirsimetin bara na sa uwargida ta cika ta, na ɗauki jikokina biyu a mota, muka haye gada muka nufi Tudun Wada, gidan babban ɗan Alhaji, wanda muka yi ƙwallon mafitsara tare. Tun a hanya nake koya musu abin da za su faɗa. Da muka isa babban ya manta, ƙaramar ce ta durƙusa ta ce, "Baba, wai in ji Kaka, ga abincin Kirsimeti." Mutumin ya daɗe yana duban langar kafin ya karɓa, sa'an nan ya ɗaga murya ya kira matarsa ta zo ta ga kwanon Iya. Da za mu tafi aka mai da ita da dabino da soyayyar gyaɗa, da sabuwar naira 500 a ƙarƙashin murfi. A kan kuɗin nan jikokina suka yi ta faɗa har muka sauka gada.